Cukun Da Inna Ƙarama Ta Binne

Sunan Saude na fara jin sa ne a bakin kakata, a gidanmu na Bungudu, kuma ba cikin yabo ba. Ranar yayata Zulai ce ta ɗauki tandar masa ta ƙasa, wadda ta shekara ashirin tana shan mai har ta yi baƙi ƙirin, ta dirje ta da yashi da sabulu sai da ta fito jawur. A ganinta gyara ta yi. Kaka ta juya tandar, ta dube ta ciki da baya, ta ce, "To, an yi mana aikin Saude." Manya suka yi dariya, irin wadda ba ta daɗewa. Da na tambayi wace ce Saude, mahaifiyata ta mintsine ni a cinya.

Sai bayan watanni na gane Inna Ƙarama ake nufi, autar su Kaka, wadda ke zuwa mana daga 'Yandoto sau biyu a shekara da kwalbar man shanu ƙulle a bakin mayafi. Mu yara ba mu taɓa jin an kira sunanta ba. Abin da ke biye, yawancinsa daga bakinta na ji shi, sauran daga bakin Kaka da na Malama Deborah.

A Kucheri aka haife ta, a gidan manoma masu 'yan shanu bakwai ko takwas a bayan gida. Ba ta san shekarar ba. Abin da take tunawa shi ne ta isa ɗaukar tulu lokacin da motoci suka koma bin hannun dama, don ranar an hana su tsallaka titi. Mahaifiyarsu a rugar Fulani ta tashi, ita ta koya wa 'ya'yanta aikin nono, amma a cikin su biyar Saude kaɗai ta gaji hancinta. Tun tana budurwa in ta ɗaga faifai daga kan ƙwarya ta sunkuya, za ta gaya maka an wanke ƙwaryar da sabulu, ko an tsinka nonon da ruwan kuka, ko saniyar ta ci wani ganye mai ɗaci. Cuku kuwa wajen wata Buzuwa ta koya, da suka yi rani ɗaya a maƙwabtansu. Takan dafa madara, ta sa mata ruwan tumfafiya har ta tsinke, ta tace, ta danne a faifai. Wani ta shanya ya bushe, wani ta soya a man shanu.

Aka kai ta 'Yandoto gidan Malam Mas'udu, manomi mai sanyin hali. Ranar sunan ɗanta na fari, Dalhatu, dangin miji suka sayo nono ƙwarya huɗu don damun furar baƙi. Tana kwance a ɗaki iska ta kawo mata warinsa, ta san ya juya. Amma yarinya ce mai jego a gidan surukai, ta ina za ta buɗe baki ta ce nonon da uwar miji ta zaɓa bai yi ba? Aka dama fura aka sha. Kafin la'asar rabin unguwa na riƙe da ciki, wani dattijo sai da aka ɗora shi a keke zuwa asibitin Tsafe. Tun daga ranar ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa abin da ya lalace ba zai wuce ta gabanta ya shiga bakin mutum ba. Sai dai da hannu take cika alkawarin, ba da baki ba. In ta je biki ta ga tukunyar da ta fara juyawa, ba ta cewa komai. Za ta janye ta gefe, ta gyara abin da zai gyaru, ta zubar da wanda ba zai gyaru ba, uwar biki ba ta ma san an yi ba. Wannan rufin asirin ne ya sa ake nemanta daga 'Yandoto har 'Yankuzo.

Malama Deborah ta shigo rayuwarta a shekarar da aka ba Zamfara jiha. An dawo da mijinta Gideon aiki Gusau, ita kuma ta samu koyar da Faransanci a wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta. Mutanen Kagoro ne. Motarsu ta tsaya a Tsafe ranar kasuwa, Deborah ta fito neman man shanu, ta kusa sayen wani da aka cuɗa da man gyaɗa. Saude na zaune kusa da nata kayan, sai ta miƙa mata ɗan nata a kan yatsa ta ce ta sansana. Daga nan kowace Asabar Saude kan hau mota ta kai mata mai da kindirmo har gida. Da Deborah ta haifi Albarka, mahaifiyarta ba ta da lafiyar yin tafiya, Saude ce ta tare a gidan kwana arba'in, tana dafa ruwan wanka da asuba tana dama kunun kanwa. Ranar Lahadi ta goya jaririyar har bakin coci, ta zauna a gindin dalbejiya tana jan carbi sai an tashi. Da Malam Mas'udu ya rasu, Deborah ta yi kwana uku a 'Yandoto tana wanke-wanke tare da matan gida. Ita tana ce mata Yaya, Saude kuma ba ta taɓa sauka daga Malama ba. Haka suka yi shekara ashirin da biyu.

Deborah tana da wani buri da ta daɗe tana roƙon Hajiya mai makaranta a kansa: a ware rana ɗaya a yi bikin abincin Faransa, yara su ga cewa harshen da suke haddacewa na mutane ne masu ci da sha. Shekara uku tana bi kafin a yarda. Ta gayyato wani Malam Abdulrahman, Bahaushen Maraɗi da ya shekara goma sha biyu yana girki a Faransa, ya kuma auri 'yar can. Shi ya yi alkawarin kawo cuku irin nasu, ya ɗauko shi a jirgi daga garin surukansa zuwa Yamai, daga nan a mota cikin kula mai ƙanƙara har Gusau. Iyayen da suka yi tambaya an tabbatar musu babu alade babu giya, madara ce da gishiri. Deborah ta ce wa Saude lallai ta zo ta kafa tebur na kayan nonon gida, a ga namu kusa da nasu.

Ranar wata Asabar ce a farkon bazara. Saude ta iso da hantsi da ƙorai uku da faifan cuku, ta tarar an kafa rumfuna a filin makaranta, an rataya ƙananan tutoci masu shuɗi da fari da ja. 'Yan mata sun ɗaura fararen rigunan girki suna ta kai da kawo. Ta ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, da wata waina mai faɗi siririya kamar takarda, da miyar albasa zalla a babbar tukunya, abin da ya ba ta mamaki, don ba ta ga tuwon da za a ci da ita ba. Malam Abdulrahman ya tafi masauki ya sauya kaya. Deborah kuwa tana can tana fama da masu waƙa da masu wasan kwaikwayo, gumi har ya jiƙa mata ɗankwali. Ta zaro makullin sito daga jaka ta damƙa wa Saude, ta ce kular baƙo na ciki, tire biyar na kan tebur kowane da takardarsa, a fito da cukun a jera, a rufe da farin ƙyalle kafin sha ɗaya. Ta ce ba ta yarda da hannun kowa a kansa ba sai na Saude. Tana faɗa tana tafiya.

Saude ta shiga sito ta tura ƙofa, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta buɗe kular.

Warin ne ya fara dukanta, har ta ja da baya. Ƙanƙarar ta narke rabi. Ta fito da ƙunshin ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa. Na farko mai tauri ne, rawaya, lafiyarsa lau. Na biyu farar fumfuna ta lulluɓe shi kamar gashin ɗan tsako. Na uku ya yi toka-toka, ga alama ya faɗi a murhu an ɗauke. Na huɗu ja ne, yana danƙo, yana warin takalmin da aka yi noma da shi. Na biyar ne ya sa ta zauna a kan buhun shinkafa. Da ta yanka shi, fumfunar ba a baya ta tsaya ba, ta ratsa cikinsa shuɗiya da koriya, jijiya-jijiya, har tsakiya.

Ba ta yi shakka ko kaɗan ba. Tafiyar kwanaki a wannan zafin, me zai hana? Abin da ta tsaya tunani a kai shi ne mutane. Ga bawan Allah ya ɗauko kaya tun daga wata duniya, za a buɗe a gaban iyaye ya ji kunya. Ga Malama da shekara uku na roƙo. Ga 'ya'yan mutane ɗari biyu da za a ba su wannan su sa a ciki. Ta tuna dattijon da aka ɗora a keke. Ta leƙa ta taga, ta hango Deborah tana tafa hannu tana gyara layin masu waƙa, ta ce a ranta in ta gaya mata yanzu gwiwarta za ta sage, kuma ba abin da za ta iya yi. Wannan aikin nata ne, ta yi shi sau ɗari.

Ta ɗauki wuƙa. Ta feraye farin, da ta cire bayansa sai cikin ya fara malalowa, ta tare shi da cokali. Ta wanke mai tokar da ruwan ɗumi da gishiri. Ta kankare jan har ya rage rabi. Ta hura gawayi a bayan sito, ta narka man shanunta mafi kyau, wanda ta ware wa Malama, ta soya su duka uku yadda take ceton cukun da ya kwana. Sun narke sun haɗe, ta bari suka huce ta yayyanka. Shuɗin kuwa ta gwada tsince jijiyoyin da bakin wuƙa, ta ga ba ya ƙarewa. Ta naɗe shi a takardarsa, ta ari fartanyar mai shara, ta haƙa rami a gindin katanga ta binne, ta taka da ƙafa, ta ɗora dutse don kada akuya ta tono. Tiren da ya rage babu komai ta cika shi da nata cukun, ta yanka shi gida-gida yadda ta ga an yanka na baƙon. Takardun da ke kan tirorin ba ta taɓa su ba, don ba ta karatun boko. Ta rufe komai da farin ƙyalle, ta koma teburinta a bayan rumfa. Ta gaya mini cewa a lokacin ranta fari tas, har tana jin daɗin cewa babu wanda zai sani.

Aka yi waƙa, aka yi wasa, aka zagaya da burodi da waina. Iyaye suna ɗanɗanar miyar albasa suna kallon juna, wani na cewa a kawo yaji. Sannan aka miƙa wa Malam Abdulrahman lasifika. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa garau. Ya ce yanzu za a zo kan abin da ya sha wahalar kawowa, kuma yana roƙon kada kowa ya gudu in ya ji wari. Ya ce a can fumfunar da gangan ake sa ta. Akwai wanda ake birgima a toka, akwai wanda ake ajiyewa a kogon dutse wata uku ana juya shi har shuɗin ya ratsa, kuma wanda ya fi shuɗi shi ya fi daraja. Mutane suka yi ta tsaki suna dariya. Ya ce to su tsaya, su wa ke dafa kalwa su rufe ta a buhu kwana uku har ta yi yauƙi ta yi wari, sannan su ce miya ba ta yi ba sai da ita? Ya ce ranar da matarsa ta fara buɗe kwanon daddawa, waje ta kai shi riƙe da yatsu biyu.

Filin ya ɗauki dariya. Saude kaɗai ba ta yi ba. Ita da take yin daddawar da ake aikowa nema daga Tsafe. Ta dafa tebur.

Ya ɗaga ƙyallen. Ya tsaya. Ya karanta takardar da ke kan tiren, ya dubi fararen yankan da ke kai, ya ɗauki ɗaya ya tauna. Ya ce wannan cukun gida ne, mai kyau kuwa, amma ina nasa? Ya matsa tire na gaba, ya ɗaga wani yanki soyayye yana ɗigar mai, ya juya shi. Ya manta lasifikar na kusa da bakinsa, ya ce a hankali, "Wa ya soya shi?"

Kowa ya ji. Tsakanin Saude da gaban rumfa bai fi taku goma ba. Kalma biyu ce, "ni ce", ta san su, suna kan harshenta. Ta dubi iyayen da ke zaune cikin manyan riguna da leshi, ta dubi zanenta da mai ya ɗiga a kai, bakin ya ƙi buɗuwa. Deborah ta waiwayo sau ɗaya, idonta ya sauka a kan zanen, ta mayar da kai gaba. Ta karɓi lasifikar.

"Ni ce na sa a soya, Malam. Na ga kamar hanya ta ɓata shi. Ɗayan kuma na sa an zubar. A yi haƙuri."

Wani uba daga layin gaba ya ce, yadda kowa zai ji, ashe malamar Faransancin ma ba ta taɓa ganin abincin Faransan ba. Aka fashe da dariya, 'yan mata na rufe baki da rigar girki. Hajiya mai makaranta ta ɗauki takardar shiri tana fifita, ba ta dubi kowa ba. Deborah kuwa ta yi shekara guda a Togo tana karatu, ta ci irin wannan cukun, ta san sunan kowane, ita ta rubuta takardun da hannunta. Ta tsaya a wurin tana murmushi har dariyar ta lafa.

Saude ba ta ga ƙarshen biki ba. Ta bi ta ƙaramar ƙofar baya, ta bar ƙoranta da faifanta da maburgin da ta gada daga mahaifiyarta. A mota wata mata ta tambaye ta ko rasuwa aka yi mata.

Ba a sake yin bikin ba. 'Yan makaranta suka laƙa wa Deborah suna Madam Soye, suna faɗa ƙasa-ƙasa in ta juya tana rubutu a allo, sunan ya bi ta daga aji zuwa aji. Wannan ma ya iso kunnen Saude, don labari ba ya rasa mai kawo shi. Kaka kaɗai ta gaya wa abin da ya faru, Kaka kuma ta riƙe rabin da ke ba da dariya ta bar sauran.

Asabar ta zo, Saude ba ta je Gusau ba. Ta biyu ma haka. A ta uku wani direba ya kawo ƙoran a wanke, an naɗe maburgin a tsumma, da saƙo cewa a gaya wa Yaya mai ya ƙare. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin gado. Bayan wata biyu Deborah ta zo da kanta. Saude na shanya barkono ta ji sallamarta a zaure, ta saki tabarmar ta zaga bayan rumbu babu takalmi. Surukarta Suwaiba, matar Dalhatu, ta ce Inna ta tafi gaisuwa 'Yankuzo. Deborah ta ce ba komai, za ta ɗan huta. Ta zauna a tabarma kusan awa guda, ta sha ruwa, tana kallon takalman Saude a ƙofar ɗaki. Da za ta tafi ta gyara musu zama, ta haɗa su wuri ɗaya. Saude na tsugune tana gani ta tsakanin rumbu da katanga. Ta ce wannan ranar ta fi ranar bikin ciwo.

Na taɓa tambayarta me ya hana ta fitowa, tunda a fili yake Malama ba ta riƙe ta ba. Ta ce ai shi ne. Da zagi ta zo yi da ta fito ta karɓa. Kuskuren cuku kowa na iya yi, ba a haife ta a Faransa ba. Amma ta tsaya tana kallo wata ta ɗauki abin kunyarta ta aza a kai a gaban ɗalibanta, ta yi shiru, kuma kowace Asabar da ta wuce shirun na ƙara nauyi, har ya zama ba ta san da wace fuska za ta fara ba.

Ta daina yin cuku. In mata suka kawo ƙwarya ta sansana musu sai ta ce hancin ya tsufa. Zuwa Bungudu daga Tsafe dole sai an ratsa Gusau, don haka in za ta zo wurin Kaka takan ja mayafi ta rufe fuska tun daga shigowa gari, ta sauya mota ba ta ɗaga kai ba. Mu muna ganin kawaici ne irin na tsofaffi. Shekara biyar aka yi haka.

Shekarar da na gama sakandare, Dalhatu ya haɗu da Albarka a Tsafe, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta gaya masa Mama za ta yi ritaya ƙarshen zango, an fara ɗaure kaya, Kagoro za su koma gaba ɗaya. Makaranta za ta yi mata taron bankwana ranar Alhamis. Dalhatu ya faɗa a tsakar gida kamar labarin kasuwa. Suwaiba ta ce washegari da asuba ta ga Inna ta tsinko ganyen tumfafiya.

Inna ta aiko a ce in same ta a Gusau, don ba ta san yadda ake shiga taron 'yan boko ba. Na tarar da ita a bakin makarantar da faifan cuku a kai, fuska a buɗe. Muka zauna a can baya. Aka yi jawabai, aka ba da kyautar agogon bango da atamfa. Deborah na kan dandamali, ta yi furfura, ta sa tabarau. Da mai gabatarwa ya tambaya ko akwai wanda ke da abin cewa kafin addu'a, irin tambayar da ba a jiran amsarta, sai Inna Ƙarama ta miƙe. Ta bi tsakiyar zauren da faifanta, takalminta na ƙara, ta karɓi lasifikar da hannu biyu kamar ƙwarya.

"Sunana Saude, daga 'Yandoto. Cukun da aka soya a makarantar nan, ni na soya shi. Wanda aka ce an zubar, ni na binne shi a gindin katanga. Malama ba ta sa ni ba, ba ta ma sani ba. Ta san cuku. Ni ce ban sani ba, kuma aka tambaya na yi shiru."

Zauren ya yi tsit, amma ba irin shirun da ta zata ba. 'Yan matan da suka yi dariya a wancan biki duk sun gama sun watse. Waɗannan suna kiran Madam Soye ne ba tare da sanin mafarinsa ba, sun gada kawai. Shugabar makarantar sabuwa ce, Hajiya kuma tana Abuja wajen jikoki. Yara suka dubi juna. Wani malami ya ɗauka barkwanci ne na tsofaffi, ya fara tafi, 'yan kaɗan suka taya shi. Inna ta tsaya da lasifika a hannu ba ta san inda za ta ajiye ba.

Deborah ce ta sauko, tana riƙe da ƙarfen matakala saboda gwiwa. Ta karɓi lasifikar ta miƙa wa mai gabatarwa, ta ɗaga faifan ta leƙa.

"Yaya, shekara biyar kika bar ni ina cin man gyaɗa da sunan man shanu. Kin san ban iya zaɓa ba."

"Malama, ki yafe mini."

"Ni na ba ki makulli ina gudu, ban gaya miki komai ba. Rabi nawa ne."

"Ba naki ko ɗaya."

"To riƙe abinki, mai rowa. Ko laifi ba za ki raba da mutum ba."

Suka koma kujerar baya tare, aka yi addu'a suna riƙe da hannun juna. Deborah ta gaya mata cewa Malam Abdulrahman shi ya cinye rabin tiren cukunta ranar, har ya tambayi wa ya yi. Inna ba ta yi murmushi ba, ta tambaya dai ko ya yi fushi. Deborah ta ce ya yi, na kwana ɗaya, don surukarsa ce ta zaɓo masa shuɗin. Da aka tashi Inna ta ce a kai ta gindin katangar. An gina sabon aji a wurin.

Kwana tara suka rage kafin tafiya, ta yi su duka a gidan Deborah, tana naɗe kwanoni a tsofaffin zannuwa tana faɗan yadda aka bar tukwane suka yi tsatsa. Malam Gideon ya ce gidan ya dawo daidai a lokacin da za a bar shi. Ranar da babbar mota ta ɗauki kaya, Inna ta cusa kwalba huɗu na man shanu a tsakanin katifu, ta tsaya a titi har motar ta sha kwana. Yanzu sukan yi waya ranar Asabar, a wayar Dalhatu. Ta koma yin cuku, amma har yau in aka kawo mata abin da ba ta sani ba, ko maganin sauro ne, sai ta tambaya sau biyu kafin ta taɓa. Kaka ba ta daina cewa aikin Saude ba, sai dai ba ta faɗa a gabana.

Ni na raka ta gida ranar da motar kayan ta tashi. Tana ta kallon hanya ta taga har muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Na ɗauka gajiya ce ko kewa. Sai ta ce waɗanda ya kamata su ji ba su ji ba. Yaran da ke wurin ranar bikin yanzu suna gidajen aure da manyan makarantu, a Ƙaura da Sakkwato da Kano, kuma duk inda aka ambaci Faransanci za su ba da labarin malamarsu da ta soya cukun baƙo. Ta juyo ta dafa gwiwata.

"Ke da ke rubuce-rubuce, ɗiyata, ki rubuta wanga. Ki sa sunana na yanka, ba Inna Ƙarama kaɗai ba, ki sa na Malama. Ki sa shi cikin wayar nan taku inda kowa ke gani, ko Allah ya sa ya kai ga yaran nan. Ki ce musu Malama ta san cuku."